Kyan fim da jikin mace: tambayoyin da ake yi a Maraɗi da amsoshinsu

Tambayoyin nan ba baƙi ba ne ga duk wadda ke zama wurin kitso, ko gidan biki, ko layin awon ciki a garin nan. Wasu ƴan mata ne ke yin su, wasu iyaye, ɗaya kuma daga bakin maza ta fito. Amsoshin ba za su tsaya a madadin ganin likita ba, musamman ga wadda ta riga ta fara shafa wani mai ko shan wata ƙwaya.

Wai fim ne ya koya mana son farar fata? Ai tun kakanni ake cewa "farar mace alkyabbar mata".

Gaskiya ne, fim ya tarar da abin a ƙasa. Kirarin farar mace ya girmi sinima, ya girmi tele. Amma a duba sauran abin da kakannin suka bari. Sun yabi wankan tarwaɗa, sun yabi baƙa mai sheƙi, sun yabi mai wushirya da mai dogon wuya da mai kumatu. Akwai kyan Bafillatana, akwai na Buzuwa, akwai na Bagobira da tsagarta a fuska. Wadda ba a yabe ta ta nan ba, za a yabe ta ta can.

Sannan yarinyar da ta tashi a Bagalam ko Mokoyo shekara 60 da suka wuce, da wa za ta gwada kanta? Da ƴan unguwarsu. Ta ga fuskarsu da safe kafin su wanke ido, ta gan su cikin zazzaɓi, ta gan su da kaushi da fason ƙafa lokacin hunturu. Ta san kowa haka yake.

Abin da fim ya yi shi ne ya ɗauki siffa guda ya yi ta maimaita ta dare da rana, kuma ya ɗaura mata lada. Ita ake so, ita ɗan mai kuɗi ke bi, ita ake yi wa waƙa a cikin lambu. Baƙa ko mai ƙiba, sau da yawa ita ce ƴar aiki, ko ƙawar jaruma, ko ƴar ƙauyen da aka kawo don a yi dariya. Ba wanda ya fito ya ce "baƙa ba ta da kyau". Labarin ne ke faɗi da kansa, ta hanyar wadda ta yi aure a ƙarshe da wadda aka bari.

Waɗanne fina-finai ake nufi? Na Kano ko na Indiya?

Duka, har da na Turawa. Fim ɗin Indiya ya shigo ƙasar Hausa tun shekarun 1950, ta hannun ƴan Labanon masu gidajen sinima a Kano. Fim ɗin Hausa na bidiyo ya kankama a 1990, kuma ya ari abubuwa da dama daga can: waƙa, rawa, soyayyar mutum uku, da irin fuskar da ake ba jaruma. Mu nan Maraɗi ba mu taɓa jiran kowa ya kawo mana ba. Katsina na bayan gida, kaset da faifai sun bi hanyar Jibiya da Ɗan Isa tare da atamfa da omo. Yau ma ba a buƙatar mota: mai tura fim a waya na bakin kasuwa, Arewa24 na nan tun 2014, ga YouTube, ga Indiya ta fassara, ga Novelas TV da Zee Magic ga masu Canal.

Na Indiya ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin ya zo da ciwon ƙasarsu. Mafi yawan mutanen Indiya masu duhun fata ne, amma wanda ya san ƙasar ta fim kawai zai rantse duk farare ne. A 1975 aka fito da man Fair & Lovely a can, manyan taurari suka yi ta tallar irinsa shekara da shekaru, ana nuna baƙar yarinya ta rasa aiki ko miji har sai ta shafa. Su kansu Indiyawan sun gaji. A 2014 hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasar ta hana nuna mai duhun fata a matsayin wulaƙantacce, a 2020 kuma kamfanin ya sauya sunan man zuwa Glow & Lovely. Masu abin suna jayayya da shi a gida, mu kuma mun karɓe shi hannu bibbiyu.

Akwai hujja ta bincike cewa kallo na sauya yadda mace ke ganin jikinta, ko dai zato ne?

Akwai, kuma wanda ya fi kama da halinmu a tsibirin Fiji aka yi shi. Mutanen can, kamar mu, mace mai jiki suke yabo, rama kuwa abin tambayar lafiya ce. A 1995 tele ta isa yankin Nadroga da shirye-shiryen Amurka da Ingila da Ostireliya. Wata likitar ƙwaƙwalwa daga jami'ar Harvard, Anne Becker, ta yi wa ƴan matan sakandare tambayoyi makonni kaɗan bayan zuwan telen, ta sake yi wa wasu a 1998. A karon farko ba ko ɗaya da ta ce tana tilasta wa kanta amai don ta rage jiki. Bayan shekara 3, kashi 11 cikin ɗari suka ce suna yi, kashi 74 kuma suka ce suna jin sun cika ƙiba. Ƴan matan da aka tambaya ba su da yawa, sittin da ƴan kai ne a kowane karo, don haka ba a gina hukuncin duniya a kansu. Amma al'adar ɗaruruwan shekaru ta girgiza cikin shekara 3, wannan ba abin rainawa ba ne.

Daga baya masu bincike daga jami'ar Durham ta Ingila suka ga irin haka a ƙauyukan Nikaraguwa da wutar lantarki ba ta daɗe da isa ba: waɗanda suka fi kallon tele sun fi son siririyar mace. A 2008 kuma wasu masana a Amurka suka tattara sakamakon bincike 77, suka tarar da alaƙa tsakanin kallon irin waɗannan hotuna da rashin gamsuwar mace da jikinta. Tasirin bai kai a ce duk mai kallo za ta kamu ba. Ya fi kama ƴan ƙasa da shekara 19, da waɗanda dama akwai abin da ke sosa musu rai game da jikinsu.

Amma mu nan ai ba rama muke so ba. Ina ruwanmu da damuwar Turawa?

A nan ne tamu ta fi tasu wuya. Baturiya abu ɗaya aka ce ta yi, ta rame. Ƴar Maraɗi kuwa ana jan ta ta ɓangare biyu.

A gida, jiki alamar hutu ne. Amarya ta yi wata uku, dangi na dubawa ko ta murje. In ta rame, tambayar farko ita ce "lafiya, ko ba ya ba ki abinci?", ta biyun kuma ba a gabanta ake yi ba. Ba mu kaɗai ba ne: Zabarmawa na da hangandi, Larabawan Azawak kuma an san su da ɗura wa yarinya madara da fura tun tana ƙarama don ta yi jiki kafin aure. A allo kuwa, abin da ake nunawa yanzu ƙirar kalangu ce: ciki a shafe, tsatso siriri, ƙirji da baya a cike, fuska ba kumatu, hannu ba tsoka. Wato ta yi ƙiba a wuri biyu, ta rame a wuri huɗu. Mata kaɗan ne Allah ya halitta haka, kuma ba tuwo ko fura ko azumin da zai raba kitse bisa umarnin mai shi. Gado ne ke yanke inda jiki zai ajiye kitsensa. Shi ya sa za ki ga mace ɗaya na shan maganin ƙiba da safe, da dare tana shan shayin rage tumbi.

Jarumar da nake gani, haka take a zahiri?

Ba haka take ba, ita ma ta sani. Kafin a ɗauki fitowa ɗaya an yi mata kwalliya ta awa guda ko fiye, an shafa hodar da ta fi fatarta haske, an zana hanci da duhu a gefe da haske a tsakiya, an manna gashin ido. Akwai fitila a gaba, wata a gefe, ga yaro riƙe da faifai mai ƙyalli yana mayar mata da haske ƙarƙashin haɓa don inuwa ta ɓace. A ƙarƙashin kaya akwai ɗamara, akwai acuci. In an gama, mai tace hoto ya zauna gaban kwamfuta ya ƙara haske, ya goge ƙuraje. Fitowar da ba ta yi kyau ba an zubar.

Ba sai an je Kano ba. Ki leƙa shagon kwalliyar amare a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo ranar Asabar. Yarinya za ta shiga da fuskar da kika sani tun tana goye. A shafa, a daɓe, a zana gira, a kunna fitilar nan mai zobe, a ɗauki hoto ashirin a zaɓi ɗaya, a bi shi da tacewar waya. Ki dubi kunnenta da bayan wuyanta, nan ne kawai launinta ya rage. Har gwaggonta ta shigo ɗaki tana tambaya, "Wai ina amaryar?" Wannan hoton ne ƙawayenta za su kalla da dare su ji sun muzanta.

Ita kanta na'urar ɗaukar hoto ba ta tashi da adalci ba. Katin da kamfanin Kodak ya riƙa ba masu wanke hoto tun shekarun 1950 don daidaita launi, hoton Baturiya ne a jiki. Sai da masu sayar da cakulan da kayan katako suka yi ƙorafin hajarsu ba ta fita da kyau, sannan aka mai da hankali ga launuka masu duhu. Haska baƙar fata yadda za ta fito da sheƙinta na buƙatar gwaninta da lokaci. Mai fim ɗin da ke sauri, kuɗinsa kaɗan, sai ya ga ɗaukar fara ya fi masa sauƙi.

Na san duk wannan, amma in na kalla raina na sosuwa. Me ke damuna?

Ba abin da ke damunki. Tun 1954 wani masanin halayyar ɗan'adam, Leon Festinger, ya bayyana cewa mutum na auna kansa ne da waɗanda yake gani. Awon kuma kan riga tunani. Ido ya gani, zuciya ta kwatanta, sai daga baya hankali ya zo yana cewa ai hoda ce.

Salula ta ƙara wa abin ƙarfi. Da, fim na ƙarewa a tashi a kama aiki. Yanzu jarumar na biye da ke har shimfiɗa, a TikTok da Instagram, tana nuna abin da take kira rayuwarta ta yau da kullum, wani lokaci tana tallar sabulu ko haɗin mai da ta ce shi ne sirrinta. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida na kamfanin, wanda shi ke da Instagram. A ciki, binciken su da kansu ya nuna kashi 32 cikin ɗari na ƴan mata sun ce in suna jin haushin jikinsu, Instagram na ƙara musu. Abin da ke taimakawa ba wuya gare shi: ki lura da shafukan da in kin rufe su kike jin kin ragu, ki daina bin su. Na'urar na kawo miki irin abin da kika tsaya a kansa ne.

Me ke cikin man bilicin da ake ta tsoratar da mu a kai?

Galibi abu uku ne, wani lokaci duka a kwalba ɗaya.

Na farko kotikoyid mai ƙarfi, wanda a jikin kwali za ki ga an rubuta clobétasol ko bétaméthasone. Maganin ciwon fata ne na gaske, likita kan ba da shi na ɗan lokaci a wuri ƙarami. In aka mayar da shi man kullum daga fuska har ƙafa, fata na yin siriri har jijiyoyi su fito kore, nankarwa mai faɗi ta tsage cinya da hammata, ƙuraje da makero su samu wurin zama, ciwo ya ƙi warkewa. Yana kuma ratsa fata ya shiga jini, ya jawo hawan jini da ciwon sukari. Wadda za a yi wa aikin haihuwa, ɗinki kan yi wuyar kamawa a irin wannan fata.

Na biyu haidurokinon. Yana hana fata yin launinta. In an daɗe ana shafawa, musamman a ƙarƙashin rana irin tamu, sai ya juya: baƙin tabo mai kauri ya fito a kumatu da goshi da wuya, wanda fitar da shi ke da matuƙar wuya. Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan kwalliya tun 2001.

Na uku zaiba, wadda ake rubutawa mercure. Ita ce ba a gani a madubi. Tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kawo rawar hannu, mantuwa, fargaba da baƙin ciki, tana ratsawa zuwa ɗan tayi, tana fita a nono. Ko yaron da ke kwana a zanen uwar ko yake shafar jikinta na iya ɗauka.

Launin da ake korar nan shi ne garkuwar fata daga rana, a garin da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu. Shi ya sa mai shafe-shafe ke fama da safar hannu da ta ƙafa a tsakiyar bazara, gaɓoɓin yatsu kuma su ƙi bin sauran jiki. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ambaci kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya, kashi 59 a Togo, kashi 25 a Mali, a matsayin masu amfani da irin waɗannan kaya. Kodebuwa ta haramta su a 2015, Ruwanda ta bi baya, hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ta Najeriya kuma ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Mafi hatsari shi ne haɗin da ake sayarwa a roba ba suna ba kwali, ana ce masa "na gargajiya" ko "oganik". Man da ya sauya launin mutum cikin mako biyu ba karas ba ne a ciki.

Na daɗe ina shafawa, ina so in daina, amma in na bari sai in yi baƙi fiye da da.

Haka ne, kuma wannan ne ke mayar da mata da yawa. Makonnin farko fata na yin duhu, ta yi ja, ta yi ƙaiƙayi da ƙuraje, musamman in man na da kotikoyid. Ba alamar jikinki na buƙatar man ba ce, alamar ya saba ne. Wadda ta yi watanni tana shafa mai ƙarfi a duk jiki, kada ta yanke rana ɗaya, likita ne zai tsara mata yadda za ta rage a hankali. A wannan lokaci a guji rana, a koma man kaɗanya ko bazilin da sabulu marar ƙarfi. Launi kan daidaita cikin watanni. Nankarwa da tabo mai zurfi ba lallai su tafi duka ba, gara a faɗa miki gaskiya.

Mafi wuya ba fatar ba ce, bakin mutane ne: "Wance, me ya same ki kika yi baƙi haka?" Ki shirya amsarki tun kafin biki na gaba, ki kuma sami mutum ɗaya a gida da ya san abin da kike ciki.

Sha-ka-fashe fa? Ai ƙawata ta sha kuma ta yi jiki.

Ta kumbura dai. Ƙwayoyin da masu yawo da magani a faranti ke sayarwa da wannan suna, yawanci deksametazon ne, ko sifroheptadin, ko a haɗa su. Deksametazon na tara ruwa da gishiri a jiki, ya kwashe kitse ya kai fuska da doron wuya da ciki, ya cinye tsokar hannu da cinya da mazaunai. Wato wurin da aka sha shi dominsa, nan yake zaftarewa. Yana kawo hawan jini, sukari, gyambon ciki, raunin ƙashi, rikicewar al'ada, rashin barci da saurin fushi. Kuma in an daɗe ana sha, jiki na daina yin nasa sinadarin da ƙwayar ta maye, don haka yankewa kwatsam na iya kayar da mutum, har ta kai ga rasa rai. Wadda ke sha ta je likita a rage mata mataki-mataki.

Sifroheptadin maganin ƙaiƙayi da atishawa ne, buɗe ciki da barci illarsa ce ta gefe. Shi ne a cikin ruwan Apetamin da hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2023, saboda jiri, yawan barci da taɓa hanta. Rama mai tsanani kuwa na da dalili: tsutsar ciki, ƙarancin jini, tibi, sukari, haihuwa kusa-kusa, ko damuwa. Dalilin ake nema.

Yaya zan gane abin ya wuce son kwalliya ya zama ciwo?

Ki dubi abin da yake ci miki. In tunanin hancinki ko launinki ko tumbinki na cinye miki awa ɗaya ko fiye kowace rana. In kina duba madubi ba adadi, ko kin daina dubawa sam. In kin fara ƙin zuwa biki da suna, ko lakwal, don kada a gan ki. In kuɗin adashi ko na cefane na tafiya a mai da ƙwaya a ɓoye. In kina ƙin abinci, ko ki ci ki je ki amayar. In barci ya ƙaurace, abin da kike jin daɗinsa da ya daina burge ki, kuka na zuwa ba dalili, kuma hakan ya wuce mako biyu.

Akwai ciwon da mutum ke ganin wani aibi a jikinsa wanda wasu ba sa gani ko kaɗan, yana kama kusan mutum 2 cikin 100, kuma ba mai ko tiyatar da ke gamsar da mai shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 14 na fama da ciwon rikicewar cin abinci a 2019, kusan miliyan 3 yara ne da matasa. Ciwon damuwa kuma ya fi kama mata da kusan rabi a kan maza.

A wurinmu damuwa ba ta cika zuwa da sunanta ba. Takan zo a matsayin ciwon kai, faɗuwar gaba, zafin jiki, kasala. Sai a ce iska ce ko sammu. A yi addu'a, ba wanda ya hana, amma a haɗa da likita. Wadda kuma ta fara jin gara ta mutu ta huta, wannan ba na jira ba ne, a kai ta asibiti ranar, kada a bar ta ita kaɗai.

Tun da na haihu jikina ya sake. A fim kuwa mai jego kamar ba ita ta haihu ba.

Don ba ita ta haihu ba, jaririn aro ne. Mahaifa kaɗai na ɗaukar kusan mako shida kafin ta koma, daidai da arba'in ɗin da iyayenmu suka ware. Fatar ciki da tsokarsa sun fi haka daɗewa. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2012 ya nuna macen jihar Maraɗi na haihuwar yara sama da 8 a tsakaice, kuma kusan 9 cikin 10 na ƴan matan jihar na aure kafin shekara 18. Jikin da ya fara ɗaukar ciki tun bai gama girma ba, ya shayar shekara bayan shekara, zalunci ne a jera shi da na ƴar wasan da aikinta kenan kula da jiki.

Mai shayarwa ƙarin abinci take buƙata. Shayin rage tumbi galibi filasko ne ko danginsa, zawo yake sa wa, ruwa ne ke fita. Sannan fiye da mace 1 cikin 10 na shiga ciwon damuwa lokacin ciki ko bayan haihuwa, kuma gorin jiki a wannan lokaci na iya zama abin da zai tura ta.

Ni namiji ne. Matata ce ke shafe-shafenta, ni ban sa ta ba.

Malam, ka tabbata? Ba sai ka sayo mata ba. Ranar da kuna kallo ka ce "kai, wannan ita ce mace", ta ji. Ranar da ka yi wasa da cewa za ka ƙaro fara, ta ji, kuma ba ta ɗauke shi wasa ba, domin a garin nan kishiya ba tatsuniya ba ce. Fim ya kawo tiyar, amma a cikin gida ake awo da ita: miji, uwar miji, dangin miji, ƙawaye, har uwa mahaifiya da ke kiran ɗiyarta "baƙar nan". Jaruma ba ta san matarka ba. Maganar da ke hana ta barci daga bakin wanda take gani kullum take fitowa.

In kana so ta daina, tsawa ba za ta yi ba. Ka raka ta likita, ka biya, kuma lokacin da fatar ta yi duhu ka kama bakinka, ka kama na ƴan'uwanka.

Ɗiyata shekararta 12, ta fara cewa ita mummuna ce. In hana ta kallo?

Hani kaɗai ba ya aiki, za ta kalla a gidan maƙwabta. Ki zauna ku kalla tare wani lokaci, ki riƙa jefa tambaya: me ya sa ƴar aikin ce kawai baƙa? Wa ke kwana da jan baki ya tashi da shi? Yaro na saurin gane wayo in an nuna masa sau ɗaya. Ki rage waya da dare. Ki yabe ta a kan abin da ta iya, karatu ko lissafi ko girki ko iya magana, ki kuma ce mata tana da kyau, kada ta fara jin kalmar daga bakin wani a waje. Sannan ki saurari abin da kike faɗa game da naki jikin a gabanta. Kuma don Allah kada a shafa wa yara man haske, fatarsu ta fi ta manya saurin tsotsewa.

Kwalliyar ce gaba ɗaya ba ta da kyau kenan?

Ko kusa. Lalle, kwalli, kitso, dilka, turare, sabon ɗinki ranar salla, duk namu ne. Hadisi ya zo cewa Allah mai kyau ne kuma yana son kyau. Alƙur'ani kuma ya lissafa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah a Suratur Rum, ya hana mata yi wa mata izgili a Suratul Hujurat. Iyakar ita ce cutar da jiki. Hukuncin wani abu takamaimai kuwa, a tambayi malamai.

Su masu shirya fim ba za su gyara ba?

Sukan ce abin da kasuwa ke so suke bayarwa. Rabin gaskiya ce, domin su ne suka horar da idon kasuwar. Su ma ƴan wasan mata abin tausayi ne, da yawa sun san launinsu na cikin abin da ke kawo musu aiki. Amma allo na iya gyara abin da ya ɓata. Lupita Nyong'o, ƴar Kenya da ta ci kyautar fim ta Oska a 2014, ta faɗa a bainar jama'a cewa tana yarinya takan roƙi Allah ta farka ta ga ta yi haske, kuma ganin Alek Wek, baƙar ƴar Sudan ta Kudu da duniya ke kira kyakkyawa, shi ya fara sauya mata tunani. Matasan Maraɗi da ke ɗaukar gajerun fina-finai da waya suna da wannan zaɓi a hannunsu duk ranar da za su raba matsayi.

A Maraɗi, ina za a je?

A fara da asibitin unguwa, wato CSI, ko wurin ungozoma in ana awo ko shayarwa. Daga can ake tura mutum manyan asibitocin gari in ana buƙatar likitan fata ko na ƙwaƙwalwa. Ki tafi da duk abin da kike shafawa ko sha, har kwalin da robar haɗin, ki faɗi tsawon lokacin da kika yi a kai ba ragi. Ki nemi a auna miki jini da sukari, a duba fitsari saboda ƙoda. In kina da ciki ko kina shirin ɗauka, ki faɗa tun farko. In barci da damuwa ne suka fi damunki, ki ambace su da bakinki, domin in kin ce ciwon kai kawai, maganin ciwon kai za a ba ki. Wadda ke jin nauyin zuwa ita kaɗai ta ɗauki yaya ko aminiya, ko wata daga ƙungiyarsu ta Mata Masu Dubara, irin asusun da aka faro a jihar nan tun 1991, ta raka ta.